Leicester: Yadda Ake Ziyartar Matsakaicin Birnin Ingila Da Yadda Ake Zama A Cikinsa

Da zarar an ce wane ya tafi Ingila, Landan ce ke faɗo wa mutane a rai. Alhali kuwa mafi yawan mutanen ƙasar ba a Landan suke zaune ba, kuma da yawa daga cikin ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke zuwa daga Afirka ta Yamma a matsakaitan birane suke sauka, irin su Coventry da Nottingham da Hull da Leicester. Waɗannan birane sun fi Landan sauƙin haya da sauƙin zirga-zirga, kuma mutum yakan san lungunansu cikin ɗan lokaci. Sai dai sauƙin nan yakan yaudari baƙo. Mai ziyara zai iya gama kallon irin wannan gari cikin kwana biyu, amma mai son zama dole ya bi wasu matakai a jere, domin kowanne ya rataya ne a kan wanda ya gabace shi. Za mu ɗauki Leicester mu bi ta daki-daki, saboda abin da ya shafe ta ya shafi yawancin takwarorinta.

Garin da mutanensa

Leicester tana tsakiyar Ingila, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Soar. Tsakaninta da Landan kimanin kilomita 160 ne, wato kusan nisan Kano zuwa Zariya. A baki Lesta ake cewa, kuma haka za ka faɗa idan kana neman tikiti. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna mutanen birnin sun kai kusan 368,000. Tsohon gari ne ƙwarai, domin Rumawa sun zauna a wurin kusan shekara dubu biyu da suka wuce, har yanzu akwai ragowar bangon gidan wankansu a tsaye. Amma siffar da garin yake da ita a yau ta samo asali ne daga ƙarni na 19, lokacin da masana'antun safa da saƙa da takalma suka cika shi, aka yi ta gina wa ma'aikata gidajen jan bulo a manne da juna, layi bayan layi.

Masana'antun nan ne suka jawo baƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane sun zo daga Indiya da Pakistan da tsibiran Karibiyan. A 1972 Idi Amin ya ba 'yan asalin Indiya da ke Uganda wa'adin kwana 90 su bar ƙasarsa. Hukumar birnin Leicester har talla ta buga a wata jaridar Uganda tana ba su shawarar kada su zo, wai babu gidaje da makarantun da za su ishe su. Duk da haka dubbai suka zo, suka buɗe shaguna da masana'antu, suka zama ginshiƙin kasuwancin garin. A farkon shekarun 2000 kuma Somaliyawa suka ƙauro daga Holan da Denmark da Sweden, daga baya mutanen Poland da Romaniya suka biyo.

Sakamakon haka, a ƙidayar 2021 Musulmi sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin, Kiristoci ma kusan haka, waɗanda suka ce ba su da addini su ma kusan haka, mabiya addinin Hindu kuma sun kusa kashi 18 cikin 100. Wanda ya sa hula da doguwar riga, ko wadda ta sa hijabi, ba wanda zai waiwaya ya kalle su a titi. Wannan ba ya nufin ba a taɓa samun saɓani ba. A Agusta da Satumban 2022 an yi rikici tsakanin wasu matasan Hindu da na Musulmi a gabashin birnin, har sai da aka jibge 'yan sanda. Amma abin da aka fi sanin garin da shi shi ne zaman cuɗanya.

Mataki na farko: tun kana gida

Irin bizar da ka samu ita ce ke yanke abin da ya halatta ka yi. Bizar ziyara tana ba ka damar zama har wata shida, amma ba ta yarda ka yi aiki ba, ko na yini guda ne. Wanda zai wuce wata shida, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, idan daga Najeriya ko Nijar ko Gana ya fito, sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi. Zai kuma biya harajin lafiya tare da kuɗin biza, wanda shi ne zai ba shi damar ganin likita a can. Ɗalibin digiri na biyu ya sani cewa tun Janairun 2024 an hana masu kwas na ɗaukar darasi a aji tafiya da mata da 'ya'ya, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Mai ziyara kuwa ya nemi inshorar lafiya, domin idan aka kwantar da shi a asibiti shi zai biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Sai batun guzuri. Doka ta hana shiga da nama da madara daga ƙasashenmu, komai bushewarsu. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun shiga wannan hani, jami'an kwastan za su ƙwace, wani lokaci har da tara. Kuɗin hannu kuma idan sun kai fam 10,000 dole a bayyana su. Manyan rigunan sanyi ba sai ka cika akwati da su ba. Ka tafi da guda ɗaya mai kauri da za ta fitar da kai daga filin jirgi, sauran ka saya a can, inda aka ɗinka su daidai da yanayin.

Mataki na biyu: daga filin jirgi zuwa gari

Yawancin masu zuwa daga Abuja ko Legas a Heathrow suke sauka. Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, wanda zai kai ka tashar King's Cross St Pancras cikin kusan awa guda ba tare da canji ba. Daga St Pancras jirgin ƙasa yana kai wa Leicester cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ta biyu, ka hau doguwar motar National Express daga filin jirgin kai tsaye zuwa tashar St Margaret's da ke tsakiyar Leicester. Ta fi jinkiri, takan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku, amma ta fi araha, kuma mai manyan akwatuna ya huta da hawa da saukar matakala.

Akwai abin lura game da kuɗin jirgin ƙasa a Ingila: kujera ɗaya tana da farashi iri-iri. Wanda ya saya makonni kafin tafiya, ya ɗaure kansa da jirgi guda a ƙayyadadden lokaci, zai biya kaɗan. Wanda ya zo tasha da safe lokacin tafiya aiki ya ce a ba shi tikiti nan take, zai iya biyan ninkin-ba-ninki. Matasa 'yan shekara 16 zuwa 25, da ɗaliban cikakken lokaci ko sun haura haka, suna iya sayen katin rangwame da ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin.

A cikin gari kuwa ƙafa da bas sun wadatar. Ana shiga bas ta ƙofar gaba, a ɗora katin banki ko waya a kan na'urar da ke gefen direba. Babu kwandasta, kuma ba a tsayawa sai a tashoshin da aka ware. Idan kana jira ka ɗaga hannu, in ba haka ba ta wuce ka. Idan za ka sauka ka danna maɓallin ƙararrawa kafin a iso tasharka.

Mataki na uku: idan ziyara ce ta kawo ka

Ka fara daga hasumiyar agogo da aka gina a 1868, ita ce cibiyar gari, kuma titunan da ke kewaye da ita na masu tafiya a ƙasa ne. Tafiyar 'yan mintuna daga nan za ka isa babban cocin birnin, inda kabarin Sarki Richard na Uku yake. Labarinsa abin mamaki ne. An kashe shi a yaƙin Bosworth a 1485, shi ne sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen fama, aka binne shi a gaggauce a wani gidan ibada da aka rushe daga baya, kabarin ya ɓace. A 2012 masana daga Jami'ar Leicester suka haƙa wani wurin ajiye motoci na ma'aikatan hukuma, suka tarar da ƙwarangwal mai karkataccen ƙashin baya da raunukan makami a ƙoƙon kai. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka gwama da na zuriyar 'yar'uwarsa ya tabbatar shi ne, aka sake binne shi a Maris ɗin 2015. A wannan jami'a ce da ma Alec Jeffreys ya gano hanyar tantance mutum ta ƙwayoyin halittarsa a 1984. Wurin da aka tono sarkin yanzu gidan tarihi ne, ana leƙa ramin ta cikin gilashi.

Daga nan ka bi New Walk, wata doguwar hanyar ƙafa mai bishiyoyi da aka shimfiɗa tun 1785, wadda ba a yarda mota ta bi ba. A kanta akwai gidan tarihin birnin, shiga kyauta ne, ƙarshenta kuma filin shaƙatawa na Victoria Park da harabar jami'a. Da yamma ka nufi titin Belgrave, inda shagunan zinare da na tufafin Indiya da gidajen abinci suka jeru. A nan ake bikin Diwali na mabiya Hindu a Oktoba ko Nuwamba, wanda ake lissafa shi cikin mafiya girma a wajen Indiya.

Rana ta biyu, mai yara ya kai su cibiyar nazarin sararin samaniya da aka buɗe a 2001, inda akwai rokoki na gaske a tsaye cikin wata doguwar hasumiya. Mai son iska ya fita Bradgate Park a arewa maso yammacin gari, daji ne mai duwatsu da barewa suna kiwo a sake, ga kangon gidan su Lady Jane Grey, wadda ta yi sarautar kwana tara a 1553. Mai son ƙwallo kuwa ba sai an nuna masa hanyar filin King Power ba. A nan Leicester City ta ba duniya mamaki ta ci gasar Firimiya a 2016 ƙarƙashin Claudio Ranieri, a nan Ahmed Musa ya taka leda, kuma Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suna cikin 'yan wasan da suka ɗauki kofin FA a 2021.

Mataki na huɗu: masauki

A nan mai zama ya rabu da mai ziyara, kuma a nan aka fi shan wahala. Ka fara da sanin unguwanni. Highfields da Spinney Hills da titin Evington, gabas da tashar jirgin ƙasa, su ne suka fi yawan masallatai da mahautan halal. Titin Narborough a yamma yana kusa da Jami'ar De Montfort, ɗalibai sun yi yawa a wurin, ga shagunan mutanen ƙasashe daban-daban. Clarendon Park tana kusa da Jami'ar Leicester. Stoneygate da Knighton da Oadby sun fi shiru, sun kuma fi tsada. Beaumont Leys da Braunstone suna gefen gari, sai da bas.

Bari mu shiga ɗaya daga cikin gidajen jan bulon nan, tunda a irinsu yawancin baƙi suke farawa. Ƙofar gida a bakin titi take, sau da yawa kana buɗewa sai falo. Bayan falon akwai ɗaki na biyu, sai siririn kicin, sai ɗan tsakar gida da bai wuce wurin shanya da ajiye kwandon shara ba. Matakala mai tsayi da ƙunci ta hau sama zuwa ɗakunan kwana biyu ko uku. Bangonka shi ne bangon maƙwabcinka ta dama da hagu, saboda haka idan ka ɗaga murya a waya da tsakar dare ya ji ka. A kicin ko a wani kabad akwai tukunyar gas da ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa faffaɗan ƙarafunan da ke manne a bangon kowane ɗaki, su ne ke ɗumama gidan. Idan ka je duba gida, ka ce a kunna wannan tukunya a gabanka. Ka duba kusurwoyin bango da bayan kabad da gefen taga, idan ka ga baƙin tabo na hunhuna ko ka ji warin danshi, to ka san da matsala. Ka tambaya ko kuɗin wuta da gas da ruwa suna cikin haya ko kai za ka biya daban, domin a lokacin sanyi wannan bambanci babba ne.

Haya wata-wata ake biya. Kafin a ba ka makulli, mai gida ko dillalinsa zai nemi shaidar cewa kana da izinin zama a ƙasar, wato wata lamba da za ka ciro daga shafin hukumar shige da fice a intanet. Da yawa sukan nemi wanda zai tsaya maka, mazaunin Birtaniya mai albashi, kuma wannan ne ke ba sabon zuwa ciwon kai. Shi ya sa mutane da yawa suke farawa da ɗakin jami'a ko ɗaki guda a gidan haɗaka, kafin su samu gindin zama. Za a karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, amma doka ta ce a yawancin gidaje kada ya wuce hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ranar da ka tare ka ɗauki hoton kowane ɗaki, da duk wani tabo a kafet ko tsaga a bango, da lambobin da ke kan mitocin wuta da gas. Hotunan nan ne za su ƙwato maka kuɗinka ranar tashi. Kada kuma ka kuskura ka tura wa kowa kuɗi tun kana gida a kan ɗakin da ka gani a Facebook kawai. 'Yan damfara sun san sababbin ɗalibai a matse suke.

Mataki na biyar: takardu

Da ka samu adireshi, sauran abubuwa sai su fara warwarewa. Kowane adireshi yana da lambar gidan waya, ta Leicester da haruffan LE take farawa, kuma za a tambaye ka ita a ko'ina, daga banki har mai tasi. Ka haddace ta.

Ka fara da rajista a wurin likitan unguwa, tun kana da lafiya. Kyauta ce. A tsarin ƙasar ba a zuwa babban asibiti kai tsaye sai in abin gaggawa ne, likitan unguwa shi ke tura ka. Samun ganinsa yakan buƙaci buga waya da sassafe ko cike fam a intanet. Idan ciwo ya taso da dare kuma bai kai na rai-kwakwai ba, ka kira 111 a ba ka shawara. Idan rai na cikin haɗari, 999. Yawanci kantin magani ba zai sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da takardar likita. Idan kuma ka dawo daga hutu a gida zazzaɓi ya kama ka, ka faɗa wa likita ƙasar da ka fito tun a jumlar farko, domin zazzaɓin cizon sauro ba shi ne zai fara zuwa masa a rai ba.

Sai asusun banki, wanda yawanci yake buƙatar shaidar adireshi ko wasiƙar jami'a. Sai lambar inshorar ƙasa, wadda da ita ake lissafa harajin albashinka. Sai harajin gida da hukumar birni ke karɓa don kwashe shara da sauran ayyuka. An yafe wa ɗaliban cikakken lokaci wannan haraji, amma sai sun aika da shaida, babban mutum da ke zaune shi kaɗai kuma ana rage masa kashi 25 cikin 100. Mai yara ya nemi gurbin makaranta ta hannun hukumar birni. Makarantar gwamnati kyauta ce, zuwa wajibi ne daga shekara biyar, kuma ana cin tarar iyayen da suka tafi da yaro bulaguro ana cikin zangon karatu. Mai lasin tuƙi na Najeriya zai iya amfani da shi na wata 12 kawai, daga nan sai ya ci jarrabawar ƙasar, kuma ta hannun hagu ake tuƙi.

Abu guda ya haɗa duk waɗannan: hukumomin Ingila da wasiƙa suke magana. Ambulan ɗin da aka zuro ta ramin ƙofa ba abin ajiyewa ba ne sai an samu sukuni. Tarar da aka yi biris da ita ƙaruwa take yi, har ta kai kotu.

Mataki na shida: aiki

Manyan masu ɗaukar ma'aikata su ne asibitocin gwamnati uku na birnin, da jami'o'in nan biyu, da gidajen kula da tsofaffi, da masana'antun abinci irin su Walkers mai soyayyen dankali, da manyan rumbunan ajiyar kaya da ke gefen babbar hanyar M1. Akwai mafi ƙarancin albashi na doka, wanda a Afrilun 2025 aka sa shi fam 12.21 a kowace awa ga mai shekara 21 zuwa sama, kuma ana sake duba shi duk Afrilu. Ɗalibin digiri bai da izinin wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Wanda ya wuce yana wasa da bizarsa ne.

A yi hattara da aikin bayan fage da ake biya a hannu ba tare da takardar albashi ba. A 2020 rahotanni sun fallasa wasu ƙananan masana'antun ɗinki a Leicester da ke biyan ma'aikata ƙasa da rabin abin da doka ta tanada. Wanda ya shiga irin wannan aiki ba shi da shaidar da zai kai ƙara da ita idan aka cuce shi.

Mataki na bakwai: sanyi da duhu

Kowa ya ji labarin sanyin Ingila, amma abin da ya fi kama baƙo ba shiri shi ne duhu. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi. Dubi abin da hakan ke nufi ga mai sallah. Azahar ta shiga da wajen sha biyun rana, la'asar wajen ƙarfe biyu, magariba kafin huɗu. Ma'aikacin da ya shiga aiki tara na safe ya tashi biyar, sallah uku ta same shi a bakin aiki. Saboda haka tun ranar farko ya tambayi shugabansa inda zai riƙa yin sallah da yadda zai raba lokacin hutunsa. Jami'o'i da asibitoci suna da ɗakunan ibada. A watan Yuni kuma abin ya juye: rana ta fito kafin biyar na asuba, magariba sai wajen tara da rabi na dare, tsakanin isha'i da asuba 'yan awanni ne. A shekarun da azumi ya faɗo a wannan lokaci ana kai awa 18 ko fiye ba a sha ruwa ba. Kowane masallaci yana buga jadawalinsa, akan ɗan samu bambanci a lokacin asuba da isha'i, sai mutum ya riƙe na masallacin unguwarsa.

Ana kuma canza agogo sau biyu a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacin Ingila daidai yake da na Najeriya da Nijar. Sauran watannin kuwa Ingila tana baya da awa ɗaya.

Maganin sanyi shi ne sa tufafi hawa-hawa, na ciki mai kama jiki, sai suwaita, sai babbar riga mai tare ruwa da iska, da safa mai kauri da takalmin da ruwa ba ya ratsawa. Dusar ƙanƙara ba kullum take sauka ba, yayyafi da iska su ne abokan zama. A cikin gida kada tsoron kuɗin gas ya sa ka toshe ko'ina ka riƙa shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki, hakan ne ke kawo hunhuna da tari. Ka ɗumama gida daidai gwargwado, ka buɗe taga na ɗan lokaci kullum. Hukumar lafiyar ƙasar tana ba da shawarar shan sinadarin bitamin D a watannin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara, saboda ƙarancin hasken rana. Duhun nan yakan taɓa zuciya ma, mutum ya ji kasala da ƙunci ba dalili. Fita da rana ko na rabin awa ne, da zuwa cikin jama'a, suna rage shi ƙwarai.

Mataki na takwas: cefane da zama da jama'a

Kayan masarufi sun fi araha a manyan kantuna irin su Aldi da Lidl. Ka tafi da jakarka, domin leda ma sayar da ita ake yi. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su, yawanci kafin biyar na yamma sun rufe. Naman halal yana nan birjik a titin Evington da kewayensa. Doya da garin rogo da manja da kuɓewa da busasshen kifi ana samun su a shagunan 'yan Afirka, sai dai da tsada. Masallatai suna da yawa, daga babban masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa zuwa Masjid Umar a Evington, majami'u ma haka, har da waɗanda 'yan Afirka ke jagoranta.

Mutanen gari suna da nasu ladubba. Ana bin layi a ko'ina, kuma tsallake shi babban abin kunya ne. Ana yi wa direban bas godiya yayin sauka. Ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya, ba a tambayarsa albashinsa. Ƙarfe goma na alƙawari ƙarfe goma ne, wanda ya makara wurin likita zai iya rasa ganinsa a ranar. Shara tana da ranar fitarwa, kuma ana raba wadda za a sake sarrafawa da sauran. Maƙwabci zai gaishe ka da fara'a shekara da shekaru bai taɓa shiga falonka ba, kuma wannan ba ƙiyayya ba ce, haka suka saba. Don haka zumunci sai ka neme shi da kanka, a masallaci ko coci, a ƙungiyar ɗalibai, a filin ƙwallon unguwa.

Wanda ke shirin tafiya ya riƙe jerin nan yadda yake: biza da sharuɗɗanta, masauki na gaskiya, likita da banki, sannan aiki. Ya tanadi kuɗin da zai riƙe shi aƙalla wata biyu ko uku ba tare da ya dogara da samun aiki nan take ba, ya kuma nemi wani amintacce da ya riga shi zama a garin ya riƙa tambayarsa. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya sa a dace da abin da aka je nema.